Sunan da Dishanisa Ta Baro a Mansura

Wadi Sir, 9 ga Maris 1986

Zuwa ga Ustaz, babban wanmu da ke Dimashƙ,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya. Ni ce Gupsa, matar marigayi ɗan'uwanka na Wadi Sir, jikan Aslamirza Hatsuk. Sau ɗaya ka taɓa ganina, ranar bikina shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ina tsaye a kusurwar ɗaki an lulluɓe ni har ƙasa, saboda haka in ba ka tuna fuskata ba, ba zan ji haushi ba. Ka san amarya ba ta kiran sunan mazan dangin mijinta, shi ya sa na ce maka Ustaz. Sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kam dole in rubuta, in ba haka ba ba za ka gane komai ba. Allah Ya yafe mini.

Muna lafiya, sai gwiwata da ke ba ni labari duk ranar da aka yi ruwa. Ina nan ina ɗinkina.

Ga abin da ya sa na dame ka. 'Yata Sinamis, ita kaɗai Allah Ya bar mana, malamar makaranta ce, shekararta ashirin da shida. Wani yaro mai suna Yinal, ɗan gidan Nagoi, yana sonta, ita ma tana sonsa. Na bincika, ban sami abin kushe shi ba sai dai ba ya cin barkono. Manyansa sun zo, an sha shayi, an tashi lafiya. Washegari sai ga yayar mijina, Gwaggo Zahrat, da sandarta. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Ke Gupsa, so kike ki aurar da yarinya ga ɗan'uwanta? Kakarmu Dishanisa 'yar Nagoi ce. Da kunnena na ji ta ce daga gidansu aka ɗauko ta, da kiɗa da harbin bindiga." Na ce, "Gwaggo, kin tabbata?" Ta ce, "Ni da ke wa ya fi daɗewa a gidan nan?"

Ka san mu Adiga, mutanen Kafkas, ba sai na gaya maka ba. Larabawa maƙwabtanmu suna auren 'yar baffa su yi biki, mu kuwa ko a kaka ta bakwai aka haɗu, magana ta mutu. In Dishanisa 'yar Nagoi ce, babu aure.

Abin kunyar shi ne duk gidan nan babu wanda ya san sunanta na gaskiya, balle gidan ubanta. Dishanisa ai sunan amarci ne, Amaryar Zinariya, uwar mijinta ta raɗa mata ranar da ta shigo, kowa ya bi. Ko a kabarinta abin da aka rubuta ke nan. Ni kaina na riske ta. Shekara biyu ina zuba mata ruwan alwala, amma sabuwar amarya ba ta buɗe baki gaban tsofaffi, ina zan iya tambayarta? Ba ta bar komai ba sai ɗan teburin nan mai ƙafa uku da take cin abinci a kai, wanda ba ta yarda kowa ya goge mata. Yana nan na ɗora masa tukunyar fure.

An ce mini ka yi shekara talatin a ofishin rajistar filaye, kana karanta rubutun Turkawan da kamar ruwa, kuma kakanka da Aslamirza uwa ɗaya uba ɗaya suke. Don Allah ka duba mana. Sinamis kuwa, ina ganin farantinta yana komawa kicin yadda ya fito.

Na ba Abu Samir, direban tasin Amman zuwa Sham, cuku guda biyu da na yi da hannuna. In ɗaya ya iso, ka san inda ɗayan ya shiga.

Amaryar gidanku,
Gupsa

Dimashƙ, 6 ga Afrilu 1986

Zuwa ga amaryarmu Gupsa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, cuku ma ya iso, guda biyu cif, don haka ki nemi gafarar Abu Samir. Tun rasuwar matata ban ci irinsa ba. Na gode. Lafiyata ƙalau, sai idanu da suka fara yi mini rowa.

Na tuna bikinki sarai. Fuskarki ce ban gani ba, amma na tuna Zaur, Allah Ya jiƙansa, ya ɓuya a gidan abokinsa kamar yadda ango ke yi, muka je gaishe shi muka tarar yana rawar sanyi a tsakiyar bazara.

Kin kawo aiki wurin wanda ba shi da aikin yi. Tun da muka baro Mansura a yaƙin sittin da bakwai da kayan jikinmu, nake tara takardun mutanenmu a kwalaye, maƙwabta suna ce mini mai gadin ƙura. Ga abin da na tono.

Akwai wani daftarin masu hijira da na kwafe da hannuna tun ina saurayi, shi kaɗai na cusa a riga ranar gudu. A ciki na ga gidanmu. Kakan kakanninmu ya sauko daga duwatsun Kafkas shekarar da aka kore mu, aka zaunar da su a wani ƙauye a bakin kogin Tuna, su zama katangar iyaka. Shekara goma sha huɗu suka yi, har sun dasa itatuwa, sai yaƙi ya sake tashinsu. Aka loda su a jirgin ruwa zuwa Akka, daga can suka hau tudun Jolan a ƙafa, aka nuna musu fili tsakanin duwatsu aka ce nan ma iyaka ce, ku tsare. Nan suka gina Mansura. Kambolat kakana yana da shekara goma sha biyu a lokacin, Aslamirza ƙanensa yana da goma. Daga baya na ga Aslamirza a wata takardar fili ta 1892, ya bar wa wansa kasonsa ya yi kudu da keken shanunsa, ya ɗan zauna a Jarash, sannan Wadi Sir. Takardar ta ce "shi da iyalinsa". Iyalinsa! Magatakarda ya sami wurin rubuta cewa shanun biyu ne, ɗaya mai karyayyen ƙaho, amma bai sami wurin sunan matar ba. Ni ma tsohon magatakarda ne, na ji kunya a madadinsa.

Wata wahalar kuma, Turkawa ba su damu da sunan gida ba. Wane ɗan wane kawai suke rubutawa. Ko na sami sunanta, sai na san wane gida ne ubanta.

Amma akwai hanya. Limamin Mansura na wancan zamani yana da littafi da yake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Na ji jikansa ya fito da shi ranar gudu a cikin buhun alkama. Yana unguwar Dummar, kurma ne kuma ba ya son baƙi, amma ni ma ba a cika sona ba, za mu daidaita.

Ki gaida Gwaggo Zahrat, ki ce jikan Kambolat yana duƙawa. Ki ce wa Sinamis ta ci abinci.

Wanki,
Tambi Hatsuk

Dimashƙ, 14 ga Mayu 1986

Amaryarmu,

Barka da shan ruwa. Na ga littafin liman. A kakar shekarar 1890 ya rubuta: "Yau Alhamis aka ɗauko amaryar Aslamirza ɗan Hatsuk daga gidan Haji Umar Nagoi, da kiɗa da dawakai talatin." Babu sunanta. Abin da na gani ke nan, ba ni da abin da zan iya ƙarawa yanzu. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri.

Tambi

Wadi Sir, 25 ga Mayu 1986

Ustaz,

Barkanmu da azumi, Allah Ya karɓa. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Takardarka ta iso. Na karanta sau uku ina neman inda za ka ce "amma", ban samu ba. Na gane. Mutum irinka mai cika shafi huɗu a kan shanu, in ya rubuta layi biyar, to ya rasa yadda zai yi ta'aziyya ne. Haji Umar ɗin nan shi ne kakan kakan Yinal, su da kansu suka tabbatar mini, har tsohuwarsu ta ce ita ma ta taɓa jin an kai wa Hatsuk amarya daga gidansu.

Na kira Sinamis na miƙa mata. Ta karanta a tsaye, ta ninke ta miƙo mini. Ta kira ni yadda muke kiran uwa, ta ce, "Nana, mace ce da ba wanda ya san sunanta. Ba wanda ya damu ya tambaye ta tana da rai. Yau kuma ita za ta raba ni da shi?" Na ce, "Ba ita ba ce, jini ne." Ta ce, "To ai shi ke nan," ta shiga kicin ta ci gaba da yanka albasa. Da ta yi mini ihu da ya fi mini sauƙi.

Yinal ya zo da kansa, ya tsaya a tsakar gida bai yarda ya zauna ba. Ya ce, "Nana, ba zan sa ki tsakanin 'yarki da dangin ubanta ba." Ya ce wani kamfani a Kuwait ya daɗe yana nemansa, zai amsa musu, zai tafi a farkon Oktoba. Wallahi na so a ce yaron banza ne.

Gwaggo Zahrat ba ta yi murna ba, kada in zalunce ta. Ta yi kuka ta ce da ma ƙwaƙwalwarta ta ruɓe kamar ta sa'o'inta.

Duk da haka na gode maka. Ka hau mota da azumi a bakinka ka je wurin kurma saboda yarinyar da ba ka taɓa gani ba. Gara mu sani yanzu da a ce sai an haifi 'ya'ya wani ya tona. Ga busasshen ɓaure na bishiyar gidanmu, ka sha ruwa da shi.

Gupsa

Wadi Sir, 10 ga Agusta 1986

Ustaz,

Ina gaisuwa. Ƙaramar Salla ta wuce, ga Babba ta ƙarato, ban ji ko tarinka ba. Abu Samir ya rantse ya zura takardata ta ƙarƙashin ƙofarka. In kana ganin aikinka ya ƙare ne shi ya sa ka yi shiru, to ka sani mu ba ofis ba ne da ake rufe fayil a tafi gida. In kuma na faɗi abin da ya ɓata maka rai, ka faɗa mini in ba ka haƙuri. In rashin lafiya ne, wallahi ba ka kyauta ba da ka ɓoye.

Sinamis tana nan tana zuwa aiki tana dawowa. Na rage mata siket sau biyu.

Gupsa

Dimashƙ, 7 ga Satumba 1986

Amaryarmu Gupsa,

Assalamu alaikum. Kafin komai, ki aika a tsayar da yaron nan kada ya tafi Kuwait. Aika yanzu, sannan ki dawo ki ƙarasa karatu.

Kin dawo? To, laifin nawa ne. Ranar da na rubuta miki layi biyar ɗin nan, da ƙyar nake ganin bakin alƙalami. Da na ce ba ni da abin da zan iya ƙarawa yanzu, idona nake nufi, ban gama bincike ba. Bayan kwana uku aka kwantar da ni aka cire mini yanar ido, na dama, sannan na hagu. Takardunki biyu na tarar a ƙasa, na ajiye su ƙarƙashin matashi. Matar maƙwabcina ta ce ta karanta mini, na ƙi, wai ni kada bare ya ji sirrin gidanmu. Girman kan tsoho ya cinye wa 'yarki wata uku. Ranar da na iya karantawa na ga abin da na jawo, ban iya cin abinci ba.

Tun a Dummar wani abu ya tsaya mini a rai. Liman yakan rubuta "'yar wane" a kowane aure, amma a nan sai ya ce "daga gidan". Na koma wurin kurman na yi ta yi masa ihu a kunne, har ya tuna littafin biyu ne. Na ɗaurin aure yana hannun ƙanwarsa a ƙauyen Marj Sultan. Na je, da baƙin tabarau kamar ɗan leƙen asiri.

Gupsa, sunanta Goshnagu. Goshnagu 'yar Pshimaf. Waliyyinta wanta ne, Ilyas. A gefen shafi liman ya rubuta: "Baƙuwa ce a gidan Haji Umar, kwana goma sha tara."

Baƙuwa! Kin ga abin da ya shige mana duhu, mu da muka fi kowa sanin al'adar? Gudu suka yi. Aslamirza ya ɗauke ta da yardarta, ya yi abin da kowane saurayin kirki ke yi, ya kai ta gidan dattijon da ake jin kunyarsa ya ajiye ta amana har a shirya da danginta. Daga gidan da aka ajiye amarya ake ɗaukarta ranar biki. Gwaggo Zahrat ba ta yi ƙarya ba, daidai ta ji. Daga gidan Nagoi aka ɗauko ta, amma ba can aka haife ta ba.

Na koma daftarin masu hijira na nemi Pshimaf. Yana shafi na uku bayan namu, jirgi ɗaya suka shigo da kakanninmu. Mutum bakwai ne a gidan. An ja wa biyar jan layi tsakanin Akka da Jolan: uban, uwar, kaka, da yara biyu. Saura Ilyas mai shekara goma sha huɗu da Goshnagu mai takwas. Shekara arba'in wannan shafi yana hannuna, na sha wuce shi ina neman wasu.

Saura sunan gida. Ilyas bai iya rubutu ba, sai ya zana tambarin gidansu a wurin sa hannu, irin wanda ake ƙona wa doki a cinya. Matar da ke riƙe da littafin ta duba ta ce, "Wannan ai na ƙofar Hajiya Minat ne." Ta ja ni gida na huɗu a layin. Ga tambarin a saman ƙofa. Gidan Panesh.

Hajiya Minat 'yar Ilyas ce ta cikinsa, shekararta tamanin da ɗaya, idonta ya fi nawa. Na ce, "Hajiya, kin san wata Goshnagu?" Ta saki tsintsiyar da take shara da ita. Ta ce, "Kai wane ne da za ka shigo mini gida da sunan nan?" Da na yi bayani sai ta zaunar da ni ta ba ni labari. Ilyas ne ya goya ƙanwarsa daga Akka, ya rene ta, yana so ta auri mai gona. Ta bi mai keken shanu. Haji Umar ya yi ta zarya kwana goma sha tara kafin Ilyas ya yarda ya sa hannu, amma bai je biki ba. Abu ɗaya ya aika mata, teburin uwarsu da suka ɗauko tun daga Kafkas. Ta yi kudu, shi ya dawo Marj Sultan. Yana jira ta aiko tunda ita ce ƙarama, ita kuma ina jin tana jira ya huce. Minat ta ce duk Salla sai ya sa a ajiye faranti ɗaya a rufe, ba ya cewa na wane ne, kowa ya sani. Haka har ya rasu.

Na tambayi dattawan Marj su uku ko ajiye amarya yana hana aure tsakanin jikoki. Suka ce zumuncin mutunci ne, ba na jini ba. Ɗaya ya ce, "Gidan da ya riƙe muku amana kwana goma sha tara, in ba ku ba su 'ya ba, wa za ku ba?"

Ga zanen tambarin a ƙasa, ƙugiya biyu sun juya wa juna baya, da ɗigo a tsakani. Ban ga teburinki ba. Sauke tukunyar furen ki kifa shi.

Wanki mai neman afuwa,
Tambi

Wadi Sir, 15 ga Satumba 1986

Ustaz, wanmu, hasken gidan Hatsuk,

Wa alaikumus salam. Yaya idanun? Allah Ya ƙara musu haske, Ya rage wa mai su taurin kai. Na yafe, amma in ka sake ɓoye mini ciwo, ni da kaina zan hau motar Abu Samir.

Ban aika kowa ba, da ƙafata na je gidan Nagoi, da silifas ɗin wanka, na manta da gwiwa. Sannan na dawo na kira Gwaggo Zahrat da Sinamis, don ban so in kifa teburin ni kaɗai. Na karanta musu takardarka tun daga farko. Gwaggo tana ta cewa, "Ustaz ɗin nan da surutu yake." Da na zo kan jan layi biyar sai ta bar gunaguni ta matso kusa.

Sinamis ce ta sauke furen ta kifa shi. Ƙasan ya yi baƙi da hayaƙin shekaru, ba a ganin komai. Ta kawo tsumma da man zaitun tana gogawa. Sai ga ƙugiya ɗaya, sai ga ta biyu, sai ɗigon. Shekara talatin da ɗaya ina share ƙarƙashin teburin nan, ban taɓa leƙawa ba.

Gwaggo ta sa yatsa tana bin zanen. Ta ce, "Shi ya sa in ta gama cin abinci takan zura hannu ƙarƙashi. Mu muna yara muna cewa ƙashi take ɓoye wa kyanwa." Sai ta juya ta daka wa Sinamis tsawa, "Ke kuma kin tsaya kina kallona, ba za ki je ki wanke fuska ba? Haka za su zo su gan ki kamar kazar da ta faɗa rijiya?" Iyakar ban-haƙurin Gwaggo ke nan, kuma mun karɓa.

Ranar Juma'a da hantsi muka je maƙabarta mu uku. Na tsaya a kanta na ce, "Goshnagu 'yar Pshimaf, wanki ya ajiye miki faranti." Wannan ce maganar farko da na taɓa yi mata. Mun sa a sassaƙa sunan a ƙarƙashin na da, da tambarin.

Yinal ya fasa Kuwait. An sa biki ranar 24 ga Oktoba. Dattawa sun ce kai za ka zauna a kujerar babba, kuma ka zo mana da Hajiya Minat ko a goye ne. A teburin gwaggonta za ta ci abinci, na riga na gaya wa kowa.

Ban san yadda ake gode wa mutum a kan irin wannan ba. Ka dawo wa 'yata da dariyarta, ka dawo wa tsohuwa da sunanta. Na iya ɗinki kawai, saboda haka ka aiko mini da awon kafaɗarka da tsawon hannu.

Uwar Yinal har ta zaɓa wa Sinamis sunan amarci, wai Nafin. Yana da daɗi.

Gupsa

Dimashƙ, 28 ga Satumba 1986

Amaryarmu,

Lafiya lau, idanu sun warke har ina ganin ƙurar da maƙwabta ke magana. Za mu zo. Hajiya Minat ta ce ba ta taɓa ƙetare iyaka ba, amma ta riga ta ɗaure kayanta tun yanzu, har da wani tsohon faranti da ta hana ni taɓawa. Awona yana bayan takarda, kada ki yi dariya.

Ba ni da ɗa, kin sani. Kwalayen nan na daɗe ina tunanin wa zan bar wa. Yanzu na sani. Ina kwafe zuriyarmu duka a littafi ɗaya, daga Kafkas zuwa Tuna zuwa Mansura zuwa Wadi Sir, in ba Sinamis ranar biki. Kowace mace da na iya samowa na rubuta ta da sunanta da gidan ubanta. Sinamis ma na rubuta ta Sinamis, uwar miji ta kira ta abin da ta ga dama.

Jiya na zo kan Zaur. Na rubuta Gupsa kusa da shi, har tawada ta bushe, sai na tsaya. Gupsa ai uwar Zaur ce ta sa miki. Wata bakwai muna neman sunan matar da ta rasu shekara talatin, ina zagin magatakardan Turkawa, ga wadda ke aiko mini da cuku ban taɓa tambayarta ba. Na kankare wurin, yana nan fari.

Amaryarmu, yaya sunanki?

Tambi

Wadi Sir, 5 ga Oktoba 1986

Ustaz,

Muna lafiya, gidan ya cika da mata da gyaɗar miya da gardama. Rigarka ta kusa, kafaɗunka ba su kai yadda ka rubuta ba, na rage.

Tambayarka ta same ni a bakin keke. Na karanta, na tashi na rufe ƙofa, na zauna. Mahaifiyata ce ta ƙarshe da ta kira ni da shi, yau shekara goma sha tara. Mahaifin Sinamis bai taɓa furta shi gaban mutane ba, kunya ba ta bar shi ba. Na gwada faɗinsa a ɗakin ni kaɗai, sai na ji kamar ina kiran wata yarinya daga gidan maƙwabta.

Ba na ƙin Gupsa. Matar da ta sa mini shi ta so ni, kuma a cikinsa na yi duk rayuwar da na sani. Amma ka cike wurin, ka rubuta da manyan baƙaƙe yadda ba sai wani ya kifa tebur ba. Na gode da ka tambaya ina da rai.

Sai kun iso.

Sariyat 'yar Shu'aib,
ta gidan Batuk